Ranar da na sa ƙanƙara ta sha iska

Shekara tara ina koya wa yara a Yelwa yadda ruwa ke daskarewa, ya narke, ya zama tururi. Don haka da Inna ta ce in kai mata bulon ƙanƙara uku tsibirin da take sarin kifi, na ji an ba mai aiki aikinsa.

Mai ƙanƙara ya binne su cikin ƙaiƙayin shinkafa, ya naɗe da buhu. Muna shiga jirgi na dubi wannan jahilci, raina ya ɓaci. Abin da ke gudun zafi ne za a lulluɓe kamar mai zazzaɓi? Na kwance buhun, na karkaɗe ƙaiƙayin tas, na jera su a gaban jirgi su sha iska.

Matuƙin ya ce, "Malam, da ka bar su a rufe."

Na ce, "Kai dai ja jirginka."

Tafiyar awa biyu ce. Abin da na miƙa wa Inna bai fi sabulun wanka ba, ga karfasa kwando huɗu tana jira. Ba ta yi faɗa ba. Wuƙa ta miƙo mini, muka wuni muna bandar kifi.

Har yau in na ja bargo, matata takan yaye shi ta ce, "Malam, kar ka narke."