Idon Sama da Gonar Masara

Wanda bai taɓa ganin Idon Sama a ofishinsa ba, bai san yadda ilimi ke zama a kujera ba. Shi ne shugaban sashen rabon ruwan noman rani, kuma shekara bakwai rabon takalminsa da laka. Ina ruwan manya da laka? Tauraron ɗan'adam ne ke harbo sigina ƙasa, ta dawo masa da labarin danshi, shi kuwa yana juyi a kujera, fanka na busa masa ƙeya.

Ranar Litinin taswirar da tauraron ke aikowa ta nuna gonar masarar wani tsoho shuɗiya, alamar ta ƙoshi da ruwa. Nan take gwanin ya sa aka toshe mata hanyar ruwa.

Ma'aikaciyar awo, wadda ta dawo daga gonar a ranar, ta ce, "Yallaɓai, masarar ce ta yi duhu. Siginar ba ta kaiwa ƙasa, ruwan jikin ganye take karantawa. Na tura yatsa, ƙasar ta bushe ƙamas."

Idon Sama ya sauke tabarau kan hanci. "Yatsa? Na'urar da ke kilomita ɗari bakwai a sama za ki ƙaryata da yatsa? Ni da na halarci taro a ƙasashe huɗu?"

Tsohon ya yi ta zarya, masararsa ta fara goyo, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Kullum sai masani ya juyo masa da kwamfuta cikin tausayawa. "Baba, duba nan. Gonarka a jiƙe take. Kai ne dai ba ka sani ba."

Bayan mako uku ganyen ya naɗe, ya bushe, ya zube. Sigina ta samu hanya, ta taɓa ƙasa, taswira ta koma ja wur. Murna ta kama Idon Sama, ya tara ma'aikata.

"Bincikena ya gano fari a wannan gona. Kun ga amfanin kimiyya?"

Da kansa ya je buɗe ruwan, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ruwa ya kwararo cikin busassun karare, har ya fallatsa wa takalmin nan laka.

Tsohon ya dubi kararen, ya ce, "Allah ya ƙara basira, yallaɓai. In tauraron ya sake wucewa, a tambaye shi me za mu ci."