Rasuwar Shuɗiya, Tabarmar Yoga ta Tsohon Gola

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni tsohon mai tsaron gida, a madadin iyalina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tabarmata ta yoga, wadda muke kira Shuɗiya, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo gidanmu lokacin da nake kwance warwas. Na faɗi a kan ƙugu a wani wasa, baya ya riƙe, har ta kai matata ce ke ɗaura mini igiyar takalmi. Likitar ƙashi ta duba ni, ta ce, "Malam, jikinka ƙarfi ne zalla, babu laushi. Ka fara yoga, motsa jikin nan na miƙa gaɓoɓi." Na ce mata ni ƙwallo nake kamawa, ba lanƙwasa na zo koya ba. Washegari matata ta dawo da wani abu a naɗe a hammata, ta shimfiɗa shi tsakanin gado da taga, ta ce, "Baban yara, ko ka hau, ko ka nemi mai ɗaura maka takalmi."

Na hau.

Duk wanda ya san marigayiya ya shaide ta da haƙuri da rufin asiri. Ranar farko da na sunkuya, yatsuna ko gwiwa ba su wuce ba, amma ba ta yi mini dariya ba. Ta sha gumina, ta ji nishina, ba ta taɓa kai labari waje ba. Ba ta da surutu. In an warware ta, ta ce "fap" a ƙasa. In tafin hannu ya zame, ta ce "ƙiiƙ", shi ke nan. A kanta bayana ya saki, cinyoyina suka daina kamewa, barci ya dawo. A kanta na koyi jan numfashi a hankali, wanda daga baya ya riƙa ba ni natsuwa duk lokacin da aka busa fanareti.

Da na fara zuwa da ita filin atisaye, 'yan ƙungiyarmu sun yi mini ca. Dogo, mai tsaron bayanmu, shi ne ya fi kowa baki: "Gola ya zo da gadonsa!" Da jijiyar cinyarsa ta tsinke, shi ya fara zuwa aro, yana sosa ƙeya. Marigayiya ba ta riƙe shi a zuci ba.

Ciwon ajali ya fara mata a daidai inda gwiwoyina ke sauka. Wurin ya lotsa, ya koɗe, ta riƙa zubar da ɓurɓushi shuɗi a ɗaki. Mun liƙa mata salatif, ya ɓalle. Mun juya ta, ɗaya gefen ma ya bi sahu.

A makon nan kocinmu ya kira ni gefe bayan atisaye. Bai iya kallon idona ba. Ya ce, "Gola, ka yi mana komai. Amma yaron nan, mataimakinka, ya isa tsayawa a raga." Na yi masa godiya, na dawo gida, na shimfiɗa Shuɗiya. Na durƙusa, na kifa goshina a kanta kamar yadda likita ta koya mini, na daɗe a haka, kuma ba gumi ne ya jiƙa ta ba. Da na yunƙura zan tashi, sai ta ce "fyaat", ta rabu biyu.

Ta rasu ta bar bulo biyu na soso da nake dafawa, da igiyar miƙa ƙafa, da jaka mai ɓallallen zif, da ƙaramar 'yata da ta koyi tafiya a kanta, sai kuma ni, da na samu ƙarin shekarun wasa a dalilinta.

Za a yi mata rakiya gobe da safe a gidana. Dogo ya roƙi a bar shi ya naɗe ta da hannunsa, kuma an amince. Masu niyyar kawo sabuwa su dakata tukuna, ɗakin bai shirya karɓar baƙuwa ba. Za a kwantar da ita a saman kabad, cikin jaka ɗaya da safar hannuna da rigata mai lamba ɗaya.