Ƙasidar da Na Koya a Rediyo

Ko jikoki na tara, ba zan taɓa mantawa da Maulidina na farko a gidan miji ba. A Gummi ne, shekarar da Maulidi ya faɗo daf da Kirsimeti. Gidan malamai aka kai ni, kowace mace da ƙasidar da take rerawa, ni kuwa ban da tuƙa tuwo babu abin da na iya. Burina ɗaya, Inna, uwar mijina, ta daina yi mini kallon wadda ba ta san ko bihim ba.

Wata safiya ina wanke-wanke, rediyona ya kamo wata tasha ta nesa. Mata ne ke rerawa da Hausa: an haife shi, duniya ta yi haske, a yi murna. Sauran baitocin duk shuuu ɗin rediyo ya cinye. Na ce to, wa aka haifa a watan nan in ba Manzo ba? Na haddace amshin tsaf (har da ɗan rangaji na ƙara masa, saboda iyayi).

Ranar taron mata tsakar gida ya cika. Da aka zo kaina na gyara mayafi, na saki murya. Wallahi ta yi daɗi, har wasu sun fara amsawa. Sai na ji an ɗauka da ƙarfi daga bakin ƙofa. Maman Rifkatu ce, maƙwabciyarmu 'yar Zuru, ta kawo wa Inna ɗinki. Ta ajiye leda tana tafi, ta zarce da baitocin da rediyo ya ɓoye mini: makiyaya, komin dabbobi, Baitalami.

"Amarya, ashe kin iya waƙar cocinmu!"

Na ji kamar in nutse a tabarma.

Inna ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, ina kinka jiyo wagga?"

Na ce a rediyo, murya can ƙasa. Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce ai Annabi Isa ma namu ne, kuma tunda ina da murya, gobe bayan la'asar in same ta a ɗaki ta koya mini ta gida.

Yau ni ke jan baiti a gidan. Amma ko sanarwar ɗaurin aure na ji a rediyo, sai ta kai ƙarshe nake buɗe baki.