Yadda Za Ka Sauƙaƙa Haraji Har Tsohuwa Ta Rasa Inuwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ko sallama zan yi a gaban maza sai kunya ta hana ni. Surayya ƙawata ce ta ce in rubuta, ita za ta tura a waya, babu mai ganin fuskata. Na yarda ne saboda Gwaggo Sauda, yayar babana da nake taya sayar da kayan miya, tana gab da rasa gindin tsamiyar da take zama a kasuwarmu ta gefen hanyar Wurno. Yadda aka yi har aka kai nan ilimi ne, bai kamata ya tsaya a ƙauye ɗaya ba.

Kai da kake son a kira ka mai kawo gyara, ka bi matakan nan yadda Zaharaddeen, sakataren ƙungiyar 'yan kasuwarmu, ya bi su. Na yi maka alkawari kafin albasa ta gama fitowa sunanka zai shiga kowane gida. Abin da za a riƙa haɗawa da sunan ne ban ɗauki alkawarinsa ba.

Mataki na ɗaya: Ka je birni ka dawo da jaka

Gyaran da aka ƙulla a gida ba ya kwarjini. Ka je Sakkwato taron bita, ka ci shinkafar da aka raba, ka dawo da jaka mai rataya. Ba dole ne ka saurari komai da komai ba. Zaharaddeen ma magana ɗaya ya riƙo, wai inda aka ci gaba haraji ɗaya ake biya, kowa bai ɗaya. Sauran bayanin bayan azahar aka yi shi, lokacin ya fita sayen takalmi.

Mataki na biyu: Ka zagi tsohon tsari

Nan ba sai ka yi ƙarya ba. Da can akwai kuɗin ƙofa, kuɗin shara, kuɗin 'yan banga, kuɗin rumfa ko da rumfarka sararin Allah ce, da wani kuɗi da har yau ba a san sunansa ba, ana dai miƙawa. Ka jero su da ƙarfi a gaban jama'a, za a tafa maka.

Abin da ba za ka faɗa ba shi ne Baba Maccido, tsohon mai karɓa, yana da ido. In ya iso wurin Gwaggo ya ga rana ta take ba ciniki, sai ya ɗauki curin daddawa ɗaya, ya tambayi lafiyar gwiwarta, ya wuce. Wannan shi masana ke kira rashin tsari. Ka sallami mai ido, ka ɗauko mai biro.

Mataki na uku: Ka nemo abin da kowa ke da shi

Kada ka ce za ka ɗora haraji a kan riba. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ci riba ranar da aka tambaye shi ba. Zaharaddeen ya sunkuya ya duba ƙasa, ya ga kowa cikin wani abu yake zuba kayansa. Sai ya yanke: mazubi ɗaya, kuɗi ɗaya. Buhu, kwando, faifai, daro, ƙwarya, duk daidai suke a gaban doka.

Ni kaina na ji daɗi ranar. Ban taɓa gane wata doka ba tare da an yi mini bayani ba sai wannan.

Mataki na huɗu: Kada ka leƙa cikin mazubi

Leƙe aikin magulmata ne, mai adalci ƙirga kawai yake yi.

Alhaji Shittu, babban dillalin albasa, ya juye albasarsa daga buhuna zuwa bayan babbar mota. Ya kira Zaharaddeen, ya ba shi kujera da lemo mai sanyi, ya tambaye shi cikin girmamawa ko bayan mota mazubi ne. Da lemo ya kai rabi, aka gano mazubi ne. Alhaji ya biya na ɗaya.

Gwaggo kuwa tana da faifan kuka, da na busasshiyar kuɓewa, da na barkono, ga ƙwaryar daddawa, ga ta kanwa, ga ɗan kwanon gishiri. Duk in ka tattara ba su kai darajar buhu ɗaya na Alhaji ba. Ta biya na shida.

Habi mai tukwane ta fi kowa shan gyara, domin hajarta kanta mazubai ce. Ta kifa tukunya ta nuna masa babu komai a ciki. Ya ce doka ba ta ce sai da wani abu a ciki ba.

Mataki na biyar: In an yi ƙorafi, ka tambaya ko an gane

Gwaggo ta tare shi, ni ina bayanta ina kallon yatsun ƙafata.

"Zaharaddini ɗan Ikilima, mi na yi maka? Ni fa na kai ma uwarka daddawa ranar sunanka, ko kwabo ban amsa ba. Yau ni na fi Alhaji Shittu arziki?"

"Gwaggo, ba maganar arziki muke ba. Dokar nan, kin gane ta ko ba ki gane ba?"

"Na gane ta sarai."

"To alhamdu lillahi. Da can kina gane abin da kike biya?"

Ta ce da can ba ta ganewa, amma tana komawa gida da kuɗin hatsi. Wannan ɓangaren kada ka ji shi. Zaharaddeen ya je ya shaida wa shugabannin ƙungiya cewa har tsofaffi sun tabbatar da bakinsu sun gane sabon tsari.

Mataki na shida: Ka bar ƙofa ga manya, amma ka kira ta ƙarin haske

Matan layin kayan miya suka yi dabara, kowace ta juye kayanta a faifai ɗaya, ta raba su da karan dawa. Iska ba ta san kara ba. Kuka ta shiga kanwa, barkono ya shiga gishiri, makon nan duk miyar unguwa hawaye ta sa mutane. Gidan Zaharaddeen ma a layinmu suke saye. Ya zo kasuwa bakinsa ja wur saboda barkono, ya sanar cewa cakuɗa kaya a mazubi ɗaya zamba ce.

A daidai lokacin albasar Alhaji ta fara ruɓewa daga ƙasa saboda an zube ta ba buhu. Aka sake kawo lemo. Aka fito da ƙarin haske: mazubin da ya taɓa ƙasa shi kaɗai ake ƙirgawa, na cikinsa ba ruwan doka da su. Buhunan Alhaji suka koma cikin mota lafiya.

Habi ta jera ƙananan tukwane cikin randa, kafin la'asar biyu sun fashe. Gwaggo ta ɗora faifai a cinya, ɗaya a kaina, na zauna kamar gunki har wuyana ya ƙage. Cinyoyi biyu da kai ɗaya ba su ɗaukar mazubi shida.

Mataki na bakwai: Ka sa wa'adi, ka tanadi magaji

Kada ka kori tsohuwa da bakinka. Ka ce kawai duk wanda bai cika ba zuwa kasuwa mai zuwa, wurinsa ya koma hannun ƙungiya. Sannan ka bari wani saurayi mai sana'ar cire kuɗi da na'ura ya riƙa zuwa yana auna gindin tsamiya da tafin ƙafa. Teburinsa ɗaya ne, doka tana sonsa.

Gwaggo tana zama a wurin tun babana bai yi aure ba, kuma tun da aka yi mata aikin ido ba ta iya zaman rana. Ranar da aka faɗi wa'adin muka kwashe kaya muka koma gida. Ta ajiye kaya, ta ce in ɗauki ƙwaryar kanwa in kai wa maƙwabta, su yi amfani da ita. Gwaggon da ko gishiri ya zube sai ta tsince.

In ka kai nan, ka gama. Haraji ya yi sauƙi, layin kayan miya ma ya kusa yin sauƙi, saura kaɗan a rasa kowa a ciki.

Gargaɗi

Ni ba 'yar boko ba ce, abin da na gani na rubuta. Duk wanda ya bi matakan nan ya ci miya mai kanwa, ko uwarsa ta daina amsa gaisuwarsa, ko tsofaffi suka riƙa ambatonsa bayan sallah, kada ya nemo ni. Surayya ma turawa kawai ta yi.

Nan na ajiye biro. Washegari ita ce ranar wa'adi. Da na yi sallar asuba na tafi bakin Rima wurin Kawu Yusha'u, ƙanen mahaifiyata, masunci. Na durƙusa na gaishe shi har sau uku kafin maganar aron kwalekwalensa ta fito. Ya ce mi zan yi da tsohon kwalekwalen da ke yoyo, na ce ba ruwa zai shiga ba. Ya yi dariya har da tari, ya ɗora mini shi a amalanken shanu.

Muka sauke shi a gindin tsamiya. Faya-fayen Gwaggo suka shiga, tukwanen Habi suka shiga, sauran matan layi kowace ta sami gurbi. Gwaggo ta haye can ƙarshe ta zauna kamar mai shirin tuƙi.

Zaharaddeen ya zo, ya kewaya kwalekwalen, ya duƙa ya duba ƙarƙashinsa. Na miƙa masa kuɗin mazubi ɗaya. Ya daɗe yana kallon motar Alhaji, sannan ya karɓa, ya ce zai nemi ƙarin haske.

Kafin hantsi kuka duk ta ɗauki ƙarnin kifi. Na faɗa wa Gwaggo cikin tsoro. Ta shinshina, ta ce in ƙara kuɗinta, duk wanda ya tambaya in ce masa wannan mai kifi ce.