Yadda Za Ka Ajiye Karya Marar Hanci a Shagonka

In ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alkawari duk wanda ya gifta ta ƙofar shagonka sai ya ja birki ya ɗauki hoto. Yayana mai aski ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa ga aiki.

1. Zaɓi wadda fuskarta ta lotse

Kada ka kula karnukan unguwa masu dogon baki. Waɗannan kowa ma yana samu, ga lafiya kamar ba su da wani aikin. Je wurin mai kiwo, ka nemi wadda take kamar ta yi karo da bango. Yaya a kwali ya ɗauko tasa, ya raɗa mata Gimbiya. Mai kiwon ya bugi ƙirji ya ce jininta bai taɓa gauraya ba, ubanta ma shi ne kakanta. Yaya ya jinjina kai. A mutane abin kunya ne, a karnuka kuwa sunansa asali.

2. Sa wa ciwo suna mai daɗi

Za ka ji tana minshari alhali idonta biyu. Kada ka ce numfashi ne yake ba ta wuya, ka ce muryar 'yan asali ce. In ta ɗan taka ta zube tana haki, ka ce 'yar hutu ce. Yaya ya juya mata fankar shago ita kaɗai, mutane suna zufa a kujera, gashi yana manne musu a wuya. Wani direba ya tambaya ko injin askin ne ya lalace. Yaya ya ce a'a, Gimbiya ce take hutawa.

3. Zama ɗan aikenta

Ninkin fatar fuskarta yana tara danshi, sai wari, sai ƙuraje. Tanadi auduga. In an zo matakala kuwa ɗaukarta za ka yi, ƙugunta ba na hawa ba ne. Matar Yaya ta ce ita tun da aka yi aurensu ko ledar cefane bai taɓa karɓar mata ba. Irin wannan magana ba a tanka ta. Ci gaba da goge-gogenka.

4. Nemo mata miji a cikin gida

Mai kiwo zai kawo maka ɗan'uwanta, uwa ɗaya uba ɗaya, domin hancin 'ya'yan ya ƙara shigewa ciki. Kafin cikin ya fito, masu zuwa aski kowa ya ce a ajiye masa ɗaya. Yaya har tafiyarsa ta canja.

5. Kada ka saurari likitan dabbobi

To, nan ne Yaya ya ɓata tsari. Ranar haihuwa Gimbiya ta kwanta ƙarƙashin madubi tana ta nishi, babu abin da ya fito, harshenta ya soma yin shuɗi. Ya bar wani bawan Allah da rabin aski, ya naɗe ta a tawul, ya fita a guje.

Likitar ta ce kawunan 'ya'yan sun fi ƙugunta, haka aka mayar da irinsu. Sai an yi aiki, kuma mai irin wannan numfashi ba kullum take farkawa daga allurar barci ba. Ta ce gara a cire mahaifar gaba ɗaya, ciki na gaba zai iya tafiya da ita. Yaya ya kira mai kiwo a waya. Shi kuwa ya ce kada ya kuskura, a ɗinke ta kawai, akwai sauran haihuwa a jikinta.

Yaya ya kashe wayar. Gimbiya tana kan teburin ƙarfe tana jan iska da ƙyar, idonta a kansa.

"Likita, cire duka," in ji shi. "Ni dai ta tashi."

Ta tashi. Ɗa ɗaya ya rayu, shi ma ɗan, Yaya ya ce ba mai haɗa shi da wata karya. Mai kiwo ya daina amsa gaisuwarsa, masu jiran rabo suka koma wani shagon.

A kula

Babu ruwana da duk abin da ya biyo baya. In wata rana ka tsinci kanka a bencin asibitin dabbobi, ƙato da kai, kana share fuska da tawul ɗin aski a gaban jama'a, kada ka nemo ni. Kada kuma ka ce a bakina ka ji Yaya ya yi kuka. Shi dai ya ce gashi ne ya shiga idonsa.