Yadda Za Ka Rage wa Motarka Nauyi Kafin Ka Je Ɗauko Mai Jego

Kai mai mota, gyara zama. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari motarka za ta yi sauƙi, zuciyarka za ta gaya maka tana gudu, kuma duk ƙauyen da ka nufa za a san da zuwanka tun kana hanya. Ba a kanka za a fara gwaji ba. Munzali, ɗan maƙwabcina a nan Birnin Kudu, mai shagon taki da maganin feshi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a makon da zai je Fagam ɗauko matarsa Mansura daga wankan jego, ita da ɗansu na fari.

Buƙatarsa ɗaya ce tal: surukarsa Inna Turai ta sallamar masa iyalinsa a ranar. An taɓa sa masa rana aka ɗaga, wai wuyan yaro bai yi ƙwari ba. Tun daga lokacin mai shayin bakin tasha ya daina tambayarsa abin da za a soya masa, da ya hango shi sai ya fasa ƙwai. Munzali ya ƙudurta cewa wannan karon zai isa Fagam a matsayin mutumin da ba a ɗaga wa rana.

Mataki na 1: Gano laifin motarka

Wannan shi ne mafi wuya, musamman idan motar lafiyarta ƙalau. Kada ka karaya. Zagaya ta kana ƙwanƙwasa jikinta. In ba ka ga komai ba, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Can za ka tarar da salansa, doguwa, baƙa, da ƙatuwar tukunyarta, tana kwance shiru tana aikinta. Ita ce mai laifin. Duk abin da ya daɗe yana aiki ba a ji kansa ba, akwai abin da yake ɓoyewa.

Mataki na 2: Nemi ilimi a waya

Kada ka tambayi tsohon direba, zai ce maka ka bar ta yadda ka same ta. Buɗe waya ka kalli mutanen da ke tseren mota a ƙasashen da titi ba shi da rami, ba shi da akuya. Za su gaya maka cewa nauyi abokin gaban gudu ne, kuma salansa mara nauyi tana barin inji ya yi numfashi. Ka yarda da su. Mutumin da ya sa hular kwano yana magana cikin sauri ba ya ƙarya.

Akwai tsofaffin da za su ce maka motar da ta kusa tan guda ba ta san an cire mata kilo biyar ba, kamar yadda buhun gero ba ya sanin kaza ta tsinci ƙwaya ɗaya a bakinsa. Rabu da su. Yawancinsu tsofaffin malaman makaranta ne, aikin gyara wa mutane lissafi ya bi jikinsu.

Mataki na 3: Zaɓi mai walda wanda ba ya musu

Munzali ya je wurin Safiyanu, mai walda a bayan tasha, mutumin da tun da yake bai taɓa ce wa mai kawo aiki a'a ba.

"Oga Safiyanu, so nake a cire mata wannan tukunyar. Nauyi ya yi mata yawa."

Safiyanu ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dubi motar, sannan ya dubi tumbin Munzali, wanda ƙwai da biredi suka yi wa hidima tun tafiyar Mansura.

"Angon ƙarni, nauyin a ƙasa kake jin sa ko a kujerar gaba?"

"Kai dai yi aikinka."

"An gama. Akwai wata siririya fara da na ajiye, sai ƙyalli. In na ɗaura maka ita, wallahi ko jirgi ya ji ta sai ya ba da hanya."

"Za ta yi ƙara?"

"Ƙara kuma? Murya dai."

Da aka yanke tsohuwar, Munzali ya sa aka kai su duka biyun kan sikelin mai hatsi. Sabuwar ta gaza tsohuwar da kilo biyar. Kai ma ka yi haka, kuma ka tabbata akwai shaidu, domin wannan lissafin shi za ka riƙa ba mutane a duk inda aka toshe kunne.

Mataki na 4: Kada ka yar da tsohuwar

Haba, wa ke yar da ƙarfe? 'Yan gwangwan za su zo suna lallaɓarka, ka kore su. Wata rana za ta yi amfani. A shago ba wuri, a gida kuma mai jego za ta dawo ta ce ka tara mata tarkace. Wuri mafi aminci shi ne but ɗin motar. Lanƙwasa ta, ka tura ta can ciki, ka rufa mata tsohon buhun taki, ka manta da ita.

Munzali ya yi haka, har yana yaba wa kansa da tattali.

Mataki na 5: Auna gudu da kunne

Allurar gudun motar Munzali ta daɗe da mutuwa, kuma wannan rahama ce. Wanda allurarsa ke aiki ya liƙe ta da hoton wani abu.

Ranar tafiya ya sha farar shadda, ya karya hula, ya hau hanyar Gwaram da hantsi. Da ya taka totur sai motar ta yi wata irin tsawa da ta sa shi kansa ya waiwaya. Daga nan fa sai murna. Kujera tana rawa, madubi yana rawa, haƙoransa suna rawa. Ina za a ce mota tana wannan ruri ba gudu take ba?

Gaskiya ne wata tsohuwar akori-kura maƙare da buhunan albasa ta wuce shi a kan hawa, har yaron motar ya ɗaga masa hannu yana tambaya ko a ja shi. Idan haka ta same ka, ka sani direban ba shi da iyali ne, shi ya sa yake ganganci.

A wani ƙauye kafin Gwaram mata suka fito da kwanukan dawa a ka, sun ɗauka an kawo sabon injin niƙa. Ɗaga musu hannu. Farin jini ke nan.

Mataki na 6: Isa gidan surukai yadda za a san ka iso

Ka san al'adarmu, suruki yakan tsaya nesa da ƙofa, ya kashe mota, ya cire takalmi, ya yi sallama da muryar da shi kansa da ƙyar yake ji. Sabuwar salansa ta ɗauke maka wannan wahalar. Ita za ta yi sallamar, kuma har maƙwabta za su amsa.

Munzali yana shan kwanar gidan sai 'yan maruƙan surukinsa Baba Dabo, da ke ɗaure a gindin tsamiya, suka tsinke igiya suka nufi gonar mutane. Baba Dabo, dattijon da ko a masallaci ba a cika jin muryarsa ba, ya tattare riga ya bi su. Zabi suka haye katanga. Da Munzali ya kashe motar, ta yi wata tusa ta bankwana, fau, sai duniya ta yi tsit. A cikin wannan tsit ɗin ne aka ji jariri ya tsala kuka daga can cikin gida.

Yaron ya kwana yana rigima, bai samu barci ba sai da hantsin nan. Inna Turai ce ta yi ta jijjiga shi har kafaɗarta ta sage.

Mataki na 7: Yi bayani, amma ta bakin matarka

Munzali ya tsuguna a zaure, kai a ƙasa. Inna Turai ta tsaya a bayan ƙofa da jaririn a kafaɗa, ba ta dube shi ba, don ita mace ce mai kunyar suruki. Mansura tana tsakani, lulluɓe da mayafi, tana cizon gefensa don kada dariya ta ƙwace mata.

Bayan an gaisa, Inna ta ce wa bango, "A tambayi mai abin nan, yaƙi aka fara ne ba mu ji ba?"

Mansura ta ce, "Wai Inna tana yi maka sannu da hanya."

"Na ji abin da ta ce," in ji Munzali a hankali. "A gaya wa Inna gyara aka yi wa motar. An rage mata nauyi ne."

"Wai an rage mata nauyi, Inna."

"Na ga alama. Har na mai ita an rage." Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Yi shiru maigidana, ba kai za ka shiga ba. A gaya masa kunnen maigidana ko tauri bai yi ba. Su bari sai bayan girbi."

Bayan girbi! Gero ko kai bai fitar ba. Munzali ya hango fuskar mai shayi a ransa. A nan ne ake fito da lissafi.

"A gaya wa Inna saboda su na yi. Na san za a haɗo su da kaya, shi ya sa na sauke wa motar har kilo biyar, don ta ɗauka ba wahala. A kan sikeli aka auna, da shaidu."

Inna Turai ta waiwaya cikin gida. Kayan kuwa suna nan jibge a tsakar gida: gero, daddawa, kuka, yajin jego, man shanu a ƙwarya, da tabarma sabuwa.

"To," ta ce. "Ko su ba su tafi ba, kayan sa tafi, sun cike mini tsakar gida. A buɗe bayan mu ga wurin da aka samar."

Mataki na 8: Buɗe but da ƙarfin gwiwa

Ya buɗe. Mansura ta kai hannu za ta kawar da buhun taki, sai ga ta nan kwance, baƙa, ta cinye rabin wurin.

Inna, da ta leƙo daga bakin zaure, ta ce, "Wannan kuma gawar mene ce?"

Mansura ta dubi mijinta. Wannan karon ba ta jira ya ba ta saƙo ba. "Ita ce nauyin da aka rage, Inna."

"A'a. Ina aka rage ta zuwa?"

"Daga ƙasa zuwa sama."

"Ita kuma mai ihun tana ƙasa?"

"Tana ƙasa."

"Ashe biyu ya ɗauko mana." Inna ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna motsi. Jaririn ma, da ya ji ana girgiza shi, sai ya yi shiru. "Allah sarki. Tun daga Birnin Kudu yake goye da ita bai sani ba. Wannan ai ya iya raino."

Munzali ya tsaya riƙe da murfin but. A ransa yana ta haɗa kilo biyar da abin da ke gabansa, lissafin ya ƙi fita ta inda yake so.

Idan ka kai wannan matakin kada ka ce komai. Surukar da ta yi dariya ta fi wadda ta yi shiru sauƙin sha'ani.

Inna ta share ƙwalla ta ce wa bango, "A gaya masa akwai mai walda a bakin kasuwa, wanda ke gyara mana garma. In mai hankalin ta koma wurinta kafin la'asar, kuma na ji da kunnena, su tafi. Tun da bai yar da tsohuwa don ya samu mai ƙyalli ba, 'yata ba za ta wulaƙanta a hannunsa ba."

Mataki na 9: Tura

Ba a yarda ya sake tayar da ita a ƙofar gida ba. Da farar shaddarsa ya tura motar har bakin kasuwa, Baba Dabo da ya dawo da maruƙa yana riƙe masa sitiyari ta taga, ba wanda ya dubi wani. Mai gyaran garma ya mayar da tsohuwar. Da aka tayar, sai motar ta yi ɗan tarinta na da, ta ci gaba da gunaguni a hankali kamar mai lazimi.

Baba Dabo ya ɗauki farar yana jujjuyawa, ya leƙa ta wannan baki ya hango haske ta wancan. Ya ce wa mai walda, "A tambaye shi ko yana da buƙatarta."

Ba shi da ita.

Da la'asar sakaliya, bayan Inna ta ji da kunnenta ta yarda, suka kamo hanya, Mansura a baya da yaro yana barci, but cike taf har an ɗaure murfin da igiya. A ranar ce motar ta fara tafiya da salansa ɗaya tun da aka soma rage mata nauyi. Akori-kurar albasa ta sake wuce su a hanyar dawowa, Munzali ya matsa mata gefe da ladabi.

Farar kuwa tana nan a Fagam, a kan soron Baba Dabo. Indararo ce yanzu, kuma duk unguwar ba wanda ruwansa ke sauka da gudu kamar nasa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da mota, ba ta taɓa tuƙa ta kowa ba, kuma ba ta san Safiyanu ba idan aka zo tambaya. Maruƙan da suka ɓata, barcin jaririn da aka katse, shaddar da ta sha baƙin mai, da duk ranar da suruka ta ɗaga, suna wuyan wanda ya riƙe sitiyari. Wanda ya bi matakan nan aka ce masa sai bayan girbi, kada ya zo ƙofata. Ya wuce bakin tasha, mai shayi ya riga ya fasa masa ƙwai.