Jarrabawar Itace a Bakin Murhun Kaka

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya. Wannan kayan fa, Ido Huɗu? Koyarwar ce ta ƙi ka, ka koma sayar da itace?"

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, malamin makaranta, wanda ta laƙaba wa Ido Huɗu saboda tabaransa. Maganar da ta kawo shi kuwa ba ta wasa ba ce. Jiya ta cusa ɗanyen reshe a wuta, hayaƙi ya turnuƙe gidan, sai ɗanta, uban malamin, ya rantse idonta ya tafi, zai rushe murhun ya sayo na gas. Murhun da ta shekara arba'in tana tsugunne a gabansa! Shi ne aka turo wannan ja'irin ya gwada ta, ya tsinto itace kala-kala a bakin hanya da bayan ɗakuna.

"Jarrabawa na zo yi miki, amarya. In kin faɗi, murhu ya tafi, ni ma na sake ki."

"Saki? Da me ka aure ni, da alli? Miƙo nan."

Ya miƙa mata na farko. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗaga shi a tafin hannu.

"Tumfafiya. Ba nauyi, ta ci bal-bal ta mutu. Kai ke nan ranar da aka ba ka fartanya."

"Sa'a ce. Wannan fa?"

Ta shinshina. "Darbejiya. Tana ci, amma hayaƙinta ɗaci ne, kamar bakinka."

"Bakin da ke ciyar da ke? Karɓi."

Ta ƙwanƙwasa shi a dutsen murhu. "Ka ji ƙara? Marke ne. Garwashinsa ya wuni bai mutu ba. Irin mijin da na roƙa ke nan, aka haɗa ni da tumfafiya."

"Tsohuwa, ko dai leƙe kike yi?"

"Da wane idon? Ba kun ce ya tafi ba?" Ta matsa na gaba da farce, ta wurgar. "Kuka! Haba, wa ke hura wuta da kuka? Ai gara in cusa soson wanka."

Malam ya gyara tabarau, ya zaro na ƙarshe daga hammata yana murmushin mugunta.

"Nan za ki faɗi. A bayan ɗakin Baba na tsince shi, da hannuna na faskara shi biyu."

Kaka ta shafa shi sama da ƙasa, ta juya shi ta sake shafawa. Wallahi har ya fara tausayinta.

"Kai me ka ce sunansa?" in ji ta.

"To, tunda kin sare: ƙirya ce, sarkin itace."

"Ƙirya mai ramin ƙusa? Ƙirya mai fenti? Maɗaci ne, malam. Ƙafar kujerar ubanka ce, wadda ya cire jiya zai kai wa kafinta."

Ido Huɗu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ƙafar kujera dai ce. Kujerar da ko ƙura ba a bari ta zauna a kanta.

"Kaka... uwargida, ranki ya daɗe."

"Au! Ɗazu ba saki na sha ba?"

"Na mayar da ke. Ki rufa min asiri, don Allah."

"Murhun gas ba ya rufa asiri, yaro. Wannan nawa shi ke cinye shaida. Nawa na ci?"

Ya fashe da dariya, ya laluba aljihu ya ajiye mata kwalin ashana a cinya. "Ɗari bisa ɗari. Murhu ya zauna."

Ta tura ƙafar kujerar cikin wuta, ta gyara mata zama.

"Je ka faɗa masa. In ya tambayi ƙafar kujerarsa, ka ce mai ido huɗu ma bai gan ta ba, balle makauniya."